HUKUNCIN SUMAN DA LIKITA KE JAWOWA DA GANGAN

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da cuta, ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako filin namu zai duba wata mas'ala wadda ta fara shigowa zaurukan karatu a ƙasar Batsari da Safana, tun da 'ya'yanmu suka yawaita a aikin asibiti, wasu kuma suna ganin abubuwa a wayoyinsu. Akwai wani gwaji da likitocin zuciya ke yi wa mutumin da ya faye faɗuwa sumamme ba a san dalili ba. Sai su kwantar da shi a kan wani gado, su ɗaure shi, su miƙar da gadon tsaye, sa'an nan su zuba masa ido har ya suma a gabansu. To, mene ne hukuncin wannan? Ya halatta Musulmi ya miƙa kansa a gusar masa da hankali da gangan, alhali kuwa hankali yana cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin ta tsare su, watau addini da rai da hankali da zuriya da dukiya?

Malaman usulu ba su yarda a yanke wa abu hukunci ba sai an san kamanninsa. Saboda haka bari mu fara da sanin suman kansa.

MENE NE SUMA?

Duk sa'ad da mutum ya miƙe tsaye, jini kamar rabin lita zuwa lita guda yakan gangara ƙafafunsa da cikinsa. Allah cikin hikimarsa ya sanya waɗansu masu gadi a jijiyoyin wuya da na kusa da zuciya, waɗanda nan take suke jin jinin ya ragu, su aika da saƙo ga ƙwaƙwalwa. Sai zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke, jinin ya komo sama. Wannan aiki yana gudana a jikinka sau da yawa kowace rana, ba da saninka ba, ba kuma da izininka ba. Idan ya sami tangarɗa, jini ya gaza isa ƙwaƙwalwa na daƙiƙa 6 zuwa 8 kawai, to mutum ya tafi. Faɗuwar kuwa ita kanta rahama ce, domin da zarar jiki ya kwanta jini zai koma kai, mutum ya farfaɗo.

Likitoci sun rarrabe dalilan wannan tangarɗa. Mafi yawan suma yana zuwa ne daga doguwar tsayuwa, ko zafin rana, ko firgita, ko ganin jini, ko mummunan labari, inda zuciya maimakon ta ƙara bugu sai ta sassauta. Akwai kuma wanda jininsa ke faɗuwa da ya tashi tsaye. Ana gane shi idan awon sama ya sauka da lamba 20, ko na ƙasa da lamba 10, cikin minti 3 da miƙewa, kuma ya fi samun tsofaffi da masu ciwon sukari da masu shan maganin hawan jini da wanda ruwan jikinsa ya ƙare. Akwai wanda jininsa ba ya faɗuwa, amma zuciyarsa ke ƙara bugu 30 ko fiye a minti guda cikin minti 10 da tashi, ko 40 ga matasa. Wannan ya fi kama 'yan mata da mata masu ƙuruciya, likitocin asibitin Mayo na Amurka ne suka fayyace shi a 1993. Na ƙarshe, wanda ya fi duka haɗari, shi ne suman da ke fitowa daga ciwon zuciyar kanta.

Gwajin da ake tambaya a kansa, wata likita mai suna Rose Anne Kenny da abokan aikinta ne suka bayyana amfaninsa a birnin Landan a 1986. Ana karkata gadon zuwa digiri 60 ko 70, a bar mutum a haka tsawon minti 20 zuwa 45, na'ura tana ƙirga bugun zuciyarsa da awon jininsa. Wani lokaci akan sanya masa magani a ƙarƙashin harshe domin jijiyoyi su saki. Da ya suma, ko ya kusa, sai a kwantar da gadon, yawanci kuma ba ya cika minti guda bai dawo cikin hayyacinsa ba. A wannan ɗan tsakanin likita ya ga abin da yake nema: zuciya ce ta sassauta, ko jini ne ya faɗi, ko kuwa duka biyun.

SUMA BA ABIN KUNYA BA NE

Kafin mu kai ga hukunci, akwai wata cuta da ta fi suman muni a cikinmu, watau sunan da muke ba shi. A ƙauyukanmu idan yarinya ta yanke jiki ta faɗi, musamman in hannuwanta suka ɗan karkarwa, kafin ta buɗe ido an riga an yanke cewa iska ce ta taɓa ta. Likitoci kuwa sun tabbatar cewa mai suma na yau da kullum yana iya fizge-fizge na 'yan daƙiƙoƙi, ba tare da yana da farfaɗiya ba.

Alƙur'ani mai girma ya ba mu labari a Suratul A'araf cewa Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya faɗi sumamme sa'ad da ya ga dutse ya niƙe. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Uwar Muminai A'isha cewa a cikin jinyar da Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi wafati a cikinta, ya yi wanka ya yunƙura zai tashi domin ya fita salla, sai ya suma, har sau uku, daga nan ya aika Sayyidina Abubakar ya ja mutane salla. Daga wannan hadisi ne malamai irin su Imamu Nawawi suka ciro cewa suma yana halatta ga Annabawa domin shi ciwo ne kamar sauran ciwuka, amma hauka ba ya halatta a gare su domin shi tawaya ne. Ka ga tun a nan an raba suma da taɓuwar hankali. Jabir ɗan Abdullahi ma ya suma a kan gadon jinya, Annabi ya zo gaishe shi, ya yi alwala ya zuba masa ruwan, ya farfaɗo yana tambayar hukuncin gado.

Amma labarin da ya fi dacewa da halinmu shi ne na Abu Huraira, Allah ya yarda da shi. Shi da kansa ya faɗa, kamar yadda Buhari ya ruwaito, cewa yakan faɗi sumamme tsakanin mumbarin Annabi da ɗakin A'isha, har mai wucewa ya zo ya ɗora ƙafa a wuyansa yana zaton taɓaɓɓe ne, alhali babu abin da ke damunsa sai yunwa. Jama'a, ku duba wannan da kyau. A Madina ne, a cikin masallacin Annabi, aka ga mai yunwa aka ɗauke shi mai aljanu. Abin da yake bukata ƙoƙon nono ne, abin da ya samu ƙafa ce a wuya.

Ba muna musun aljanu ba ne, domin wanda ya musa su ya musa Alƙur'ani. Ba kuma muna hana ruƙiyya da ayoyin Allah da addu'o'in Annabi ba ne. Abin da muke cewa shi ne, da'awar cewa aljani ne ya ka da wance magana ce a kan gaibi, Allah kuwa ya hana mu bin abin da ba mu da ilminsa.

To, balle a ƙasarmu, inda dalilan suma suke a fili. Daga 2019 zuwa 2024 azumin Ramadan ya yi ta faɗowa ne tsakanin Maris da farkon Yuni, watau tsakiyar bazara, lokacin da zafi yakan wuce digiri 40. A watan Fabrairu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum kusan 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari, a watan Afrilu na shekarar kuma aka kashe 47 a ƙasashen Safana da Ɗanmusa da Dutsin-ma. Mata da yara daga garuruwan bakin dajin Rugu suka kwarara garin Batsari da birnin Katsina, wasu suka yi ta kwana a azuzuwan makarantu. Matar da ta kwana tana gudu da goyo, ta wuni ba ci ba sha, ga ƙarancin jini na haihuwa, ga zazzaɓin cizon sauro, in ta faɗi a layin karɓar abinci ai ba a bukatar bugun ƙasa kafin a san abin da ya ka da ita. Yarinyar da ta ga an harbi mahaifinta, in ta ji ƙarar babur ta sulale, firgici ne ya komo mata.

Ku dubi kuma abin da mummunan suna ke jawowa. Yarinyar da aka ce tana da iska, manema sukan janye, a cire ta daga makaranta, ƙawaye su guje ta. Uban ya sayar da akuya, ya sayar da damin gero, ya kai wa boka, wanda zai turara mata hayaƙi ya kuma kai iyayen bakin shirka. Wanda kuwa sumansa daga zuciya yake, ana can ana ta tofi da hayaƙi har ranar da zai faɗi faɗuwar da ba tashi. Wannan ita ce hasarar da za mu ɗora a sikeli idan mun zo auna gwajin likita.

HUKUNCIN GWAJIN

Babban malamin Malikiyya, Shihabuddin Alƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, ya kasa abubuwan da ke gusar da hankali kashi uku a littafinsa Alfuruƙ. Akwai mai sa maye, wanda ke zuwa da nishaɗi da annashuwa, kamar giya. Akwai mai gurɓata hankali ba tare da ya ɗauke ji da gani ba. Akwai kuma mai kwantarwa, wanda ke ɗauke ji da gani gaba ɗaya. Na farkon ne najasa, shi ne ke da haddi, kaɗan ɗinsa da mai yawansa haramun ne. Na ukun kuwa, Ibnu Farhun na Madina da waɗanda suka biyo shi sun halatta a shayar da shi ga wanda za a yanke wa wata gaɓa, saboda cutarwarsa an amince mata, cutarwar gaɓar kuwa ba a amince mata ba. A kan wannan asali ne Musulmi a yau suke karɓar allurar barci a ɗakin tiyata, ba wanda ya ce sun yi laifi. Idan an halatta gusar da hankali na sa'o'i saboda lalura, to na ƙasa da minti guda ya fi cancantar halatta.

Mai tunani zai iya cewa: tiyata magani ce, shi kuwa wannan gwaji ba ya warkar da kowa, sani kawai yake bayarwa, ya za a kwatanta su? Wannan magana tana da nauyi, kuma gaskiya ne gwajin ba ma'asumi ba ne, domin wani lafiyayye yakan suma a kan gadon, wani mai ciwon kuma ya ƙi suma. Amsa ita ce, sanin cuta shi ne ƙofar maganinta, abin da wajibi ba ya cika sai da shi kuwa yana ɗaukar hukuncin wajibin. Maganin mai suman tsayuwa ya sha bamban da na mai farfaɗiya. Mutum nawa aka ɗora wa ƙwayoyin farfaɗiya shekara da shekaru alhali ba ita ke damunsa ba? Har ila yau, mutumin nan dama faɗuwa yake yi, jiya a bakin rijiya, gobe wataƙila a kan babur a hanyar Runka, ko kusa da murhu. Likita bai ƙago masa ciwo ba, ya dai zaɓa masa wurin da ciwon zai bayyana, inda akwai ɗauri da zai riƙe shi da idon da zai lura da shi. A Suratul Kahfi an ba mu labarin bawan Allah da ya huda jirgin miskinai domin ya kuɓutar da shi daga sarki mai ƙwace, malamai kuma suka kafa hujja da shi a kan ɗaukar ƙaramar cuta domin tunkuɗe babba.

Saboda haka gwajin ya halatta, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan suna wuyan likita fiye da majinyaci. Da fari, mai yin sa ya zama gwani, da kayan ceto a kusa, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya shiga aikin magani ba a san shi da shi ba, to lamuni yana kansa. Na biyu, a nemi yardar majinyaci bayan an gaya masa ƙarara, da harshen da yake ji, cewa mai yiwuwa ne ya suma. A cikin jinyar Annabi, iyalinsa sun ɗura masa magani ta gefen baki yana yi musu nuni da kada su yi, suka ɗauka ƙin magani ne irin na marar lafiya. Da ya farfaɗo sai ya yi umurni a ɗura wa duk wanda ke wurin, ban da baffansa Abbas wanda bai halarta ba. Takardar Turanci da aka dangwala wa baƙauye yatsa a kai bai san abin da ke ciki ba, wannan ba yarda ba ce a wurin Allah. Na uku, ya zama akwai bukata ta gaskiya, an riga an saurari labarin mutum, an auna jininsa, an ɗauki awon bugun zuciyarsa. Wanda ya tura talaka gwaji mai tsada domin asibiti ya sami kuɗi, ya ci dukiyar mutane da ƙarya. Na huɗu, sumamme amana ne. A suturta shi, kada namiji ya keɓe da mace, abin da aka gani ko aka ji daga gare shi a wannan hali kuma a binne shi a nan.

ALWALA DA SALLA DA AZUMI

Wanda ya suma alwalarsa ta warware, ko da na ƙiftawar ido ne, wannan yana cikin ƙananan littattafan da muka karanta tun muna yara. Game da salla, mazhabar Imamu Malik ita ce wanda suma ya cinye masa dukkan lokacin wata salla ba ya ranka ta, kuma a cikin Muwaɗɗa an kawo cewa Abdullahi ɗan Umar ya suma bai rama ba. Imamu Abu Hanifa ya ce a rama in ba su wuce salloli biyar ba, Imamu Ahmad ya ce a rama duka. Suman gwaji dai bai kai ya cinye lokaci ba, sai mutum ya sake alwala ya yi sallarsa. Game da azumi, in alfijir ya keto mutum yana cikin hayyacinsa, sa'an nan ya suma rabin yini ko ƙasa da haka, azuminsa yana nan. In suman ya haɗa da ketowar alfijir, ko ya cinye mafi yawan yini, sai ya ranka. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta ce ƙwayar ciwon zuciya da ake sanyawa ƙarƙashin harshe ba ta karya azumi in ba a haɗiye ta ba. Duk da haka, wanda gwajinsa ba na gaggawa ba ne ya bari sai bayan salla. Wanda kuma jiri ke ɗiba in ya tsaya, ya yi sallarsa a zaune, ladarsa cikakkiya ce, domin haka Annabi ya umurci Imrana ɗan Husaini.

ABIN DA YA RAGE A WUYANMU

Mafi yawan mutanen Wagini da Ruma da Zakka da Babban Duhu ba za su taɓa ganin wannan gado ba, tun da aiki ne na manyan asibitocin zuciya. Amma rabin abin da yake nunawa ana iya samunsa da abin awon jini da agogo. Mutum ya kwanta minti 5 a auna shi, ya tashi tsaye a sake aunawa bayan minti 1 da minti 3. Duk malamin asibitin da ke ƙaramin asibitin ƙauye zai iya wannan. Samar da kayan awon da masu aunawa farilla ce ta kifaya, a kan hukuma da mawadatan gari. Mai kuɗin da ke zuwa Umra kowace shekara alhali ɗakin shan maganin garinsu ba shi da abin awon jini, ya sake duba lissafinsa. Magabatanmu ba su raina wannan fanni ba: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan ilmin magani duk da nauyin mulki da yaƙi.

Sauran jama'a kuwa, in mutum ya faɗi a sahu ko a kasuwa, a kwantar da shi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa tufa, a ba shi iska. Kada a tallabe shi a zaunar ko a tsayar, domin wannan shi ke hana jini komawa kansa. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki kafin ya farfaɗo sarai, kada ya shaƙe. In ya wuce minti ɗaya ko biyu bai dawo ba, ko ya suma yana tsakiyar aikin ƙarfi, ko yana kwance, ko da ciwon ƙirji, ko a danginsu an taɓa samun mai ƙuruciya da ya faɗi ya mutu farat ɗaya, to a garzaya da shi asibiti ran nan. Mai suman tsayuwa kuwa ya yawaita shan ruwa, ya riƙa tashi a hankali, in ya ji ido na duhu kunne na ƙara ya zauna ko ya kwanta nan take, kada kunyar mutane ta sa ya fasa kai.

Limamanmu su tuna yadda Annabi ya yi wa Mu'azu faɗa a kan tsawaita salla, saboda a bayansa akwai tsoho da mai rauni da mai bukata. Shugabannin makarantu su ji tsoron Allah a kan yaran da suke jerawa a rana, da yawansu ba su karya kumallo ba. Iyaye kuma su tsare harshensu a kan 'ya'yan mutane, domin kalma ɗaya da aka jefa a gidan biki tana iya hana yarinya aure.

Daga ƙarshe, mai hankali ya yi tunani. Wannan tsayuwa da muke taƙama da ita, da sarki da talaka, da mai bindiga da wanda yake kora, duk a kan 'yan daƙiƙoƙi na gudanar jini take rataye. Wanda ya san haka ba zai yi girman kai ba, ba kuma zai yi wa wanda ya faɗi dariya ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da waɗanda suka bar gidajensu gida cikin aminci. Allah ne mafi sani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.